Hayaƙin Ranar Hutu

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya tsayuwar shagon magani. Mu nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake nufi.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ki yi mini alkawari ba za ki yi dariya ba. Ni da hayaƙin gidan burodinmu hira muke yi. Da safe in an zuba itace a tanderu, sai in hau saman ɗakin ajiyar fulawa da littafina, in zauna kusa da bututun, in riƙa karanta masa da ƙarfi. In na zo inda saurayin yake ce wa yarinyar ba zai iya rayuwa babu ita ba, sai in maimaita, hayaƙin kuma ya lanƙwasa kamar abin ya taɓa shi. Ba taɓuwa na yi ba. Akwai dai ranar da na lura har yamma ta yi ban buɗe baki na yi magana da kowa ba, sai na ji tsoron kada muryata ta yi tsatsa.

Tun rasuwar Umma gidan ya yi shiru, amma da kika tafi ne shirun ya shimfiɗa tabarma. Baba yana fita kafin in tashi, ya dawo fari fat da gari, ya ci abinci yana kallon bango. Hirarmu ba ta wuce “an gode” da “rufe ƙofa”. Sunanki kuwa ba ya fitowa. Rannan tsoho mai kwaɓi ya yi suɓutar baki, ya ce da kina nan da kin gyara musu sikeli, Baba ya ajiye farantin da ke hannunsa ya fice. Shi ya sa mai kawo fulawa zan ba takardar nan, tunda ta garinku yake bi. Ya rantse ba zai faɗa ba. Ladansa burodi mai zafi.

Ban manta abin da kika faɗa wa Baba a gaban ma'aikata ba, cewa hayaƙin tanderunsa ne ya cinye ƙirjin Umma. Ban manta abin da ya mayar miki ba, cewa wadda take ƙyamar hayaƙin da ya ciyar da ita, ga ƙofa nan. Ba tone-tone nake yi ba. Maganar hayaƙin ce ta dawo ta wata hanya.

Babban otal ɗin nan da yake sayen rabin burodinmu ya aiko cewa duk mai kai musu kaya sai an auna hayaƙin da sana'arsa take fitarwa, in ba haka ba su nemi wani. Su za su turo mai awo. Tun da saƙon ya zo Baba yake zagaya bututun yana ɗaga kai, kamar yau ya fara ganinsa.

Ni kuwa, kada ki faɗa wa kowa, har na gama zana mai awon a zuciyata. Dogo ne, mai gilashi, ba shi da yawan magana, akwai wani ɓacin rai da yake ɓoyewa. Zai hau rufi da na'urarsa, ya tarar da wata yarinya tana karatu, ya manta abin da ya kawo shi.

Ki ba ni amsa ko layi biyu ne. Allah ya tsare mini ke.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, duk ta yi gari, sai da na kakkaɓe ta a kan kantar shago, mai shagon yana hararata. Alkawarin dariya kuwa na karya shi tun a layi na uku, ki yafe mini.

Ki sauko daga rufin nan. Da gaske nake. In ba ki faɗo ba, abin da kike shaƙa ya isa. Ki karanta wa kyanwa, ita ma tana lanƙwasa in ta ga dama. Na sa miki takunkumi a cikin ambulan ɗin, ki riƙa sawa in za ki shiga wajen tanderu, ko da zai ɓata miki kwalliya a gaban mai gilashinki. Wanda nake hangowa ma da tumbi zai zo, da hoton jikokinsa a aljihu.

Maganar awo, su auna. Da ma a samu wanda zai faɗa masa da lamba abin da na faɗa masa da baki, ko lambar zai ji.

Ni ina nan ƙalau. Ɗakina ƙarami ne, tagar bango take kallo, amma nawa ne. Ina tsaye daga safe zuwa yamma ina karanta rubutun likitoci mai kama da tafiyar tsutsa. Ranar da kuke hutu ma mu a buɗe muke. Burodin garin nan ba na saya, kamar ana tauna katifa.

Ki ci gaba da rubutowa, amma ki ba ni labarinki ke, ba nasa ba. Ki gaida tsoho mai kwaɓi a zuci, tunda a baki ba dama.

Yayarki

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙanwa mai biyayya wadda za ta karya dokarki yanzun nan, don ba zan iya ba ki labarina ba tare da nasa ba. Mu biyu ne kawai a gidan.

Mai awo ta zo. Na ce TA zo. Ki yi dariyarki ki gama. Mace ce, gajera, sa'ar Umma, gwiwarta ɗaya tana ciwo, da lema da sikelin ratayewa da kwamfuta a cikin jaka. Ni kuwa na sa rigata mai ruwan ƙwai, na hau rufi tun da hantsi da littafi a buɗe. Ko kallon sama ba ta yi ba.

Amma bari ki ji abin da Baba ya yi. Ana gobe za ta zo ya hana a kwaɓa komai. Ya sa aka kashe tanderu, aka kwashe toka, aka share. Ya sa aka wanke bututun, shi da kansa ya hau tsani ya shafa masa farin fenti. Janareto ma ya lulluɓe shi da buhu. Ranar ko burodi ɗaya ba mu gasa ba. Masu sari suna zuwa da kwalayensu suna komawa, suna tambaya ko rasuwa aka yi. Tunda nake ban taɓa ganin sararin saman gidanmu babu hayaƙi a ranar aiki ba, sai na ji kamar an ɗauke mini abokin zama.

Da matar ta shigo ta ga wuri tas, ta tambaya ko hutu muke. Baba ya nuna mata bututun ya ce bismilla, wai ta auna. Ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa ta haɗiye. Ta nemi kujera saboda gwiwarta, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ita ba kama hayaƙi take yi a kwalba ba. Abin da take nema ma ba a ganinsa, ba shi da launi ba shi da wari. Iskar kabon ce, wadda take fita daga duk abin da aka ƙona, ta hau sama ta taru kamar bargo, ta hana zafin duniya fita. Ta ce daga abin da aka ƙona ake lissafo ta: itace, fetur, wutar lantarki. Don haka ko an hura tanderu yau ko ba a hura ba, duk ɗaya ne a wurinta. Tsoho mai kwaɓi ya ce ashe da an sani da fentin nan ɗakinsa aka shafa wa.

Ta rataya damin itace a sikeli, ta karya ɗaya ta ce ɗanye ne. Ta yaye wa janareto buhunsa. Ta duba mitar wuta. Ta tsare mai kawo fulawa da tambayar daga ina yake ɗaukowa, har na ji tsoron kada ya rikice ya zaro takardarki. Ta ce sai ta bi motar rabon burodi ta ga iya inda take zuwa, aka tura motar har ta tashi kamar kullum, ni ce na raka ta muka zagaya duk shagunan da muke kai wa. Ta rubuta lambar da ke gaban sitiyari, wadda take ƙirga tafiyar mota, ta ce in ta dawo za ta sake dubawa.

A hanya ta tambaye ni me nake karantawa. Yaya, na manta rabon da wani ya yi mini tambayar da ba ta aike ba. Na ba ta labarin duka har muka wuce shago biyu. Ta ce yarinyar ta cika kuka, da ita ce da tuni ta nemi aiki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Da muka dawo na je kawo mata ruwa, na same su a ɗakin fulawa, buhuna sun kare ni ba su gan ni ba. Na ji Baba ya rage murya ya ce:

“Baiwar Allah, awon nan naki, yana nuna ko hayaƙi ya kashe mutum?”

Ta gyara zama. Sannan ta ce a'a. Ta ce nata awon na zafin duniya ne, ba na ƙirjin mutum ɗaya ba. Ta ce hayaƙin itace yana cutar da ƙirji, wannan gaskiya ne, ba za ta yi masa ƙarya ba. Amma ko shi ne ya ɗauki wani mutum takamaimai, sikelinta ba zai faɗa ba, kuma ba ta jin akwai wanda zai iya rantse masa ta kowane ɓangare.

Ya ce, “To.” Shi ke nan. Da ta tafi ya durƙusa ya hura tanderun da hannunsa, ya hana kowa taya shi.

Ashe ba otal yake tsoro ba, Yaya. Ya ɗauka hukunci aka zo yanke masa. Ya ɓoye hayaƙin kamar uba mai ɓoye ɗan da ake nema, kuma ya kasa haƙuri sai da ya tambaya da bakinsa.

Ina sa takunkumin. Allah ya ba ki ladan aiki.

Autarki

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa. Ban san me kike so in ce ba.

Ni na riƙa riƙe wa Umma kwano tana tari, ke kina makaranta, shi yana bakin tanderu. Abin da na faɗa ban ƙago shi ba. A gaban mutane ne dai bai kamata ba, wannan na sani.

Matar nan ta burge ni. Ki gaishe ta.

Motar har yanzu sai an tura ta? Ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta har yau? Tambaya kawai nake yi.

Yana cin abinci sosai?

Yayarki

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkiri, mai kawo fulawa ne ya yi zazzaɓi, ni kuma ba ni da wani ɗan aike. Makonnin nan sun yi mini tsawo. Na daina hawa rufi kamar yadda kika ce, kyanwar kuma barci take yi tun a shafin farko.

Motar sai an tura, igiyar ma tana nan. Abinci yana taɓawa.

Anti mai awo ta dawo. Anti nake ce mata yanzu, ita ta ce. Ta kawo mini littattafai biyu na 'yarta, sun sha hannu har bangon ya fita. Ta zaunar da Baba ta nuna masa zane a kwamfuta, wani da'ira kamar burodi da aka yanka, yanki mafi girma na tanderu ne. Ta ce ƙofar tanderun tana zubar da zafi, a gyara ta, a daina ƙona ɗanyen itace, a ƙara wa bututun tsawo saboda ma'aikata. Ta ce in ya yi waɗannan, otal za su ci gaba da saye. Kowa ya ji daɗi, tsoho mai kwaɓi har da rawar kafaɗa.

Sai ta ce saura mota, lissafinta ya ƙi zama. Ta ce ita da kanta ta bi hanyar rabo, ta san tsawonta, amma lambar gaban sitiyari ta yi gaba da nisa, kamar motar tana da wani gari da take zuwa. Man da take sha kuma ya fi ƙarfin ko wannan nisan. Ta tambaya ko akwai wani mai saye a nesa da aka manta. Baba ya ce babu. Tsoho mai kwaɓi ya ce ai ranar hutu maigida yana fita neman itace. Anti ta ce ba babbar mota ce take kawo itacen har ƙofa ba? Ni ma a lokacin na tuna bai taɓa dawowa da ko tsinke ba.

Baba ya kalli hannuwansa ya ce, “Wannan hayaƙin ba na kasuwa ba ne. Nawa ne. Ki cire shi.”

Ta ce haka ne, tafiyar da mutum ya yi don kansa ba ta shiga lissafin sana'a, za ta cire. Amma sai ta san nisan kafin ta san abin da za ta cire. Ba tsegumi take yi ba, Yaya, aikinta ne kawai, alƙalaminta na hannu tana jira.

Ya faɗi sunan garinku.

Ta rubuta. Ta ce to man da ya yi rara fa? Ya ce in ya isa ba ya kashe motar, don a can ba shi da mai tura masa. Ta tambaya yakan daɗe ne. Ya ce, “Sai na ga an rufe shagon.”

Anti ba ta tambaya wane shago ba. Ta ɗago ta kalle ni, ta rufe kwamfutarta, ta ce gwiwarta ta dame ta, za ta ƙarasa a gida.

Yaya, duk ranar hutu ni kaɗai nake wuni a gidan nan, ina jin haushinsa ya bar ni da bango. A littattafaina, mai tsayawa a ƙetaren titi yana kallon ƙofar da ba zai shiga ba saurayi ne, da fure a hannu, ruwan sama yana dukansa. Ban taɓa zaton zai zama Baba ba, da gari a girarsa, a cikin mota mai ƙofar igiya tana karkarwa.

Bai san na fahimta ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba. Da yamma ya ce mini “rufe ƙofa” kamar kullum. Na rufe.

Don Allah ki ce wani abu. Ina kewarki kamar me.

Auta

*

Autar Umma,

Wa'alaikumus salam. Ki zauna kafin ki karanta.

Na sani. Tun zuwansa na farko na sani. Wa zai kasa gane motar nan? Tun daga kwana nake jin tarinta. Yana tsayawa a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban mai gyaran takalmi, ya sauke gilashi rabi, ya zauna. Mai gyaran takalmin har ya zo ya yi mana ƙorafi, wai wani dattijo yana cika masa rumfa da hayaƙi duk mako, ko mun san shi. Na ce ban san shi ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

In ya zo sai in koma can ciki wajen maganin tari, inda nake ganinsa ta tsakanin kwalabe shi ba ya gani na sosai. Ina cewa a raina, ya yi doguwar tafiyar nan, taku kaɗan ne ya rage, ya ƙarasa mana. Ina jira ya shigo, ashe shi ma yana jira in fito. Da na ga bai taɓa kashe injin ba, na ɗauka nufinsa kada in yi zaton zama ya zo yi. Ban taɓa kawo maganar turi a raina ba. Ni da na girma ina tura motar nan da takalmin makaranta.

Ban faɗa miki ba don na san ki, sai ki mayar da shi littafi. Ga shi kin mayar, kuma ban ji haushi ba.

Ki yafe mini, Auta. Ni da shi muna ta kallon juna ta gilashi, ke muka bari da hayaƙi da kyanwa.

A cikin ambulan ɗin nan akwai wata ƙarama, na liƙe ta. Tasa ce. Ba doguwa ba ce. Ban janye komai ba, ban kuma ƙara komai ba. Na ce masa dai in ya zo wannan makon ya kashe motar, ni zan tura.

Na san in kin ba shi zai gane muna rubuta wa juna a bayan idonsa, kuma ke ce a gidan, ba ni ba. In ya yi fushi ke za ki zauna da fushin. Don haka ba dole. In kin ga ba za ki iya ba ki jefa ta a tanderu, ba zan taɓa tambayarki ba.

Allah ya yi miki albarka.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama a gurguje, mai kawo fulawa ya tada mota.

Takardar ta kwana biyu a cikin littafina. Jiya na tsaya da ita a bakin tanderu, masu gyara suna ta auna sabuwar ƙofa, na ji tsoro na koma. Ina ta tunanin in ya karanta ya yi shiru, ko “rufe ƙofa” ɗin ma na rasa.

Amma gobe ranar hutu ce. Ɗazu na hango shi ta taga yana zuba wa motar mai, yana sake ɗaure igiyar.

Na sa rigata mai ruwan ƙwai. Yana tsakar gida yana wanke hannu. Da na miƙa wa mai fulawa wannan, zan je in miƙa masa tasa, in tsaya a wurin har ya gama karantawa. In ya tambaya me nake jira, zan ce gobe kujerar gaba ai babu kowa, kuma turin mutum biyu ya fi sauri.

Ki yi mini addu'a muryata ta fito.

Taki har kullum,
Auta